Na buga portmaster na je na kwanta

FreeBSD, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin su Linux, ke kan tsohuwar laftof ɗina, kuma tun farko na ƙi gamammun manhajojin pkg, na ce daga ports, wato tarin umarnin gina manhajoji daga tushe, zan riƙa gina komai da kaina. Taurin kai ne kawai, ba wani abu ba.

Wani daren Juma'a na tuna na kwana biyu ban sabunta komai ba. Na shiga /usr/ports na jawo sababbin canje-canje da git, tunda portsnap da ke wannan aikin a da ya tafi da fitowar FreeBSD 14.0, na buga portmaster -a, umarnin da ke sake gina duk manhajar da ta tsufa, na tashi ko waiwaye ban yi ba. Da asuba na tarar da shuɗin allon nan na zaɓi yana jirana in danna OK. Ko layi ɗaya bai gina ba.

Da aikin ya kankama ne na san na taro ruwan dafa kaina. Firefox ba ya ginuwa sai da Rust da LLVM, manyan kayan gina manhaja, kowannensu kuwa sa'o'i yake ci. Fankar laftof na ta gurnani, ƙasanta ya yi zafin da ba a ɗorawa a cinya. Can wajen la'asar giga 8 na RAM ɗin ya cika, swap (wurin da RAM ke ara a faifai) ma ya cika, aka kashe aikin. Na sa MAKE_JOBS_NUMBER=2 a /etc/make.conf don ta riƙa yin aiki biyu kawai a lokaci guda, na sake tayarwa. Sai aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ba ya kai awa guda.

Da wutar ta dawo, rabin manhajojin sababbi ne, rabi tsofaffi. An riga an maye gurbin icu, wani kundi da manhajoji da yawa ke amfani da shi, amma duk masu dogaro da shi tsohon fayil ɗinsa na libicuuc suke nema, kowa na buɗe sai ya ce bai ga fayil ba. Da na sa -w tun farko, da portmaster ya adana mini tsofaffin a gefe. Sai a lokacin ma na buɗe /usr/ports/UPDATING, fayil ɗin gargaɗin sabuntawa, na ga bayanin sauya sigar Perl, har da umarnin da za a bi a jere, yana nan zaune tun tuni.

Kwana uku na yi ina gyara. Yanzu sai na karanta UPDATING, na yi bectl create, wato in adana kwafin tsarin yadda yake, don in sami wurin komawa, sannan in taɓa komai. Ranar da na ga Rust a jerin kuwa, gidan yayana nake kai laftof ɗin, shi yana da sola.