Tuddan Wurno Sun Yi Sanƙo

Da hantsi motarmu ta bar Sakkwato zuwa Wurno, ana tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari. Ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ita ta kai ni. Amma tun a hanya hankalina ya koma kan tuddan da muke wucewa. Jajayen duwatsu ne tsirara, sai 'yar sabara can da can, ga kwazazzabai da ruwa ya yanka tun daga sama har bakin gonaki. Jakuna kuwa sai gangarowa suke yi ɗauke da itace.

Bayan ziyara na hau tudu tare da dattijon da na sauka wurinsa. Daga can sama ana hango fadamar Rima kore shar da albasa da tafarnuwa, mu kuma inda muke tsaye ko inuwar da akuya za ta fake babu.

Na ce, "Baba, haka wurin nan yake tun fil azal?"

Ya ce, "Ina! Ɗana, da muna yara ba ka ratsa wanga wuri sai da gatari a hannu. Akwai geza, akwai kalgo, akwai marke da ƙirya. Zabbin daji da fakara har bayan gari suke zuwa." Ya ce ƙirya ce ta fara ƙarewa saboda gawayi, sauran kuma murhu ya cinye.

Tuddan Wurno ƙanana ne, amma abin da ya same su shi ke cin manyan tsaunukan duniya. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa daga 2001 zuwa 2018 an yi asarar dazuzzukan tsaunuka hekta miliyan 78, alhali Nijeriya dukanta wajen hekta miliyan 92 ce. Sarar katako ce kan gaba, sai gobarar daji, sai noma. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wajen kashi 85 cikin 100 na nau'o'in tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa da dangin kwaɗi ana samun su a yankunan tsaunuka. Da yawansu sun saba da sanyi da raɓar wuri guda, in aka sare musu daji ba su da inda za su koma. Ko a ƙasarmu, dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, mai birai masu kama da mutum, kiwo da wuta sun matse shi.

Ban ga laifin mai jaki ba, wallahi. Iskar gas ta fi ƙarfin aljihunsa, tuwo kuma dole a tuƙa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, dashen itatuwanmu kusan duk dogonyaro ne a bakin titi, tudu kuwa ba mai waiwayarsa.

Da muna saukowa Baba ya tsaya kan wani kututturen kalgo da ya yi toho. Ya ce in an kare shi daga awaki da gatari, cikin 'yan shekaru zai tashi. Haka manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980, suna barin toho suna gyara shi, har suka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Na tambaye shi me ya hana a yi haka a nan. Ya ce gona tana da mai ita, tudu kuwa na kowa ne, sai hakimi da masu unguwanni sun sa baki an keɓe wuri an sa mai tsaro.