Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har injin ƙanƙara ya tashi

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah injinmu na ƙanƙara nan Yauri ya dawo aiki, kuma dole in fito in yi godiya don wallahi an yi mana halacci a wanga lamari.

Duk wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san abin da rashin ƙanƙara ke jawowa, masu kifi na bakin kogi suna jira, masu zoɓo da kunun aya suna ta kira, inji kuwa sai ya yi gurnani ya ce ƙas ya ɗauke, an jima ya sake. Kowa ya zo sai ya ce gas ne ya ƙare a ƙara mishi.

Godiya ta farko ga Injiniya da ya taso tun daga Birnin Kebbi. Bawan Allah nan ya ƙi taɓa gas sam. Sai da ya gwada kafasita da rile da obalod, wato ƙananan kayan wuta masu tada inji da kare shi, ya ga lafiyarsu lau, sannan ya cire wayoyi ya sa mitar gwajin wuta a kan ƙafafu ukun da ake haɗa wa wayoyi a kwamfiresa, wato tukunyar da ke tura gas cikin inji, ya kira ni ya ce Alhaji zo ka gani da idonka. Ya ɗora tsinken mita ɗaya a ƙafa, ɗayan kuma a jikin ƙarfen kwamfiresa, mita ta yi ƙara, ya ce koyil, wato naɗin wayar da ke ciki, ya ƙone har wuta na bin jiki. Da ya zubo man ciki a murfin gora baƙi ƙirin, ga warin ƙuna. Bai tsaya nan ba sai da ya gano sanadi: kwandensa, wato ragar da ke fidda zafin inji, ta toshe da ƙurar hunturu fanka ba ta iya fidda zafi, ga wuta mara ƙarfi da muke fama da ita. Ya ce in ba a gyara waɗannan ba sabon kwamfiresan da za a sa ma haka za ya bi.

Aikin ma abin kallo, ya wanke bututu, ya canza diraya mai tace datti da laima, ya yi walda, ya hura naitirojin ya bi duk mahaɗa da kumfar sabulu ko akwai yoyo, ya yi bakyum sosai, wato ya zuƙe iska da laimar cikin bututu, kafin ya zuba gas ɗin R22 a kan sikeli daidai abin da ke rubuce jikin inji. Da yawa daga masu gyara ba su da wanga haƙuri, gaskiya ce ko ba a so.

Yaya babba, Allah ya saka da aljanna, kai ka cika kuɗin sabon kwamfiresa ka ce kar a kuskura a sayi ɗan Beljiyam. Direban da ya ɗauko mana shi daga Kano ya ƙi karɓar ko sisi, Allah ya tsare hanya. Maƙwabcinmu mai firiza da ya riƙa ajiye wa kwastomominmu kaya, da yaran shago da suka kwana suna riƙe da tocila, Allah ya yi muku albarka. Hajiya uwargida kuma mun gode da tuwo da miyar kifi da aka yi ta aikowa.

Kwastomomi ku yi haƙuri da abin da ya faru. Mun sa sitabilaiza da na'urar da ke jinkirta tashin inji na 'yan mintuna in an dawo da wuta. Ƙanƙara tana nan kullum bayan Asuba, farashi bai canza ba, waɗanda suka ba da kuɗi tun kafin matsalar su za a fara sallama.