Ƙaryar da na yi wa Gizo

Ɗan yayana shekararsa takwas aka kawo min shi Marwa ta ƙasar Kamaru a 2014, bayan Boko Haram sun shiga Amchide, garin nan na bakin iyaka da ke manne da Banki. Uban bai fito ba. Yaron ya zo da riga ɗaya, baki kuma gum, wata huɗu ko "ruwa" bai ce ba, sai dai ya nuna randa da yatsa. In moto ta wuce da daddare sai ka same shi ƙarƙashin gado ya cusa kai tsakanin kwalla da bango.

Ni da wautata na dinga tsare shi da tambaya, me ka gani, ina Baba ya yi, wai in ya faɗa zai ji sauƙi. Wallahi ƙara rufewa ya yi, har fitsarin kwance ya dawo. Na daina.

Tatsuniya na koma yi wa yarana bayan isha'i a tabarma, ban ma kira shi ba. Ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta, shi yana can bakin ƙofa ya ba mu baya, amma na lura kullum yana ɗan matsowa. Wadda kura ke cinye wani na cire ta kwata-kwata, don ranar da na yi ta tashi ya yi ya shige ɗaka.

Wani dare, da gangan, na ce Gizo da ƙanwarsa Ƙoƙi. Sai na ji wata murya a shaƙe daga bayana, "Gwaggo, matarsa ce." Hawaye ya zo min amma na danne, na ce au haka ne? to ƙarasa mana tunda ka fi ni sani. Jimla biyu ya yi ya tsaya, mu ma ba mu matsa ba, na rufe da ƙurunƙus.

Daga baya na sayo masa kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, da yake a lekol Faransanci suke yi sai ya riƙa rubuta Hausar da harafin Faransanci, "ou" a wurin "u", ni kaɗai ke iya karantawa. A labaransa Gizo kullum gudu yake cikin karan dawa yana neman wani, ban taɓa tambayarsa wa yake nema ba. Kaye na uku ne ya fara sa Gizo ya tsaya ya ci tuwo.