Auren jinsi da dokar Nijar: tambayoyi uku da ake cakuɗawa

Duk lokacin da wata ƙasa ta halatta auren jinsi, kafin shayi na biyu ya tafasa maganar ta zagaye fadojin Yamai, daga Bukoki har Harobanda. Wani ya ce an sa shugabanninmu sun rattaba hannu, wani ya ce an riga an shigo da abin ta ɓarauniyar hanya. Damuwar mutane ta gaskiya ce, domin aure a wurinmu addini ne kafin ya zama takarda. Amma wanda yake son ya yi magana mai nauyi dole ya raba abubuwa uku da doka ta raba. Na farko, ko hukuma na hukunta luwaɗi da maɗigo. Na biyu, ko ma'aikatar magajin gari za ta ɗaura wa namiji da namiji aure ta ba su takarda. Na uku, ko ƙasa za ta amince da irin wannan aure idan a waje aka ɗaura shi. Ƙasa na iya amsa kowace ɗaya daban. Botsuwana ta soke hukuncin luwaɗi ta hanyar kotu a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2021, amma wannan hukunci bai ɗaura wa kowa aure ba.

A duba yadda abin ya faru inda ya faru. Holan ce ta fara, ranar 1 ga Afrilu 2001, ta hanyar majalisa. Faransa ta yi tafiyar a hawa biyu: a 1999 ta kafa PACS, wata yarjejeniyar zama tare wadda ba ta kai aure ba, sannan a 2013 ministar shari'a Christiane Taubira ta kai dokar auren gaban majalisa. An yi zanga-zangar adawa mai girma a Paris, aka kaɗa ƙuri'ar ƙarshe 331 da 225, shugaba Hollande ya sa hannu a watan Mayu. A Amurka alƙalai ne suka yanke, biyar da huɗu, ranar 26 ga Yuni 2015. A Ireland kuwa jama'a aka tambaya kai tsaye a wannan shekarar, kusan kashi 62 cikin ɗari suka ce e.

Masu goyon baya hujjarsu daidaito ce a gaban doka: gado, fansho, ziyarar asibiti, izinin zama, duk suna rataye da takardar aure, kuma suna ganin bai kamata hukuma ta hana wasu ƴan ƙasa abin da ta ba wasu ba. Masu adawa kuma, Musulmi da Kirista da ma waɗanda ba ruwansu da addini, suna cewa aure ya girmi hukuma, an gina shi a kan namiji da mace da nasabar ƴaƴa, ba abu ne da ƙuri'a ko alƙali zai sake wa ma'ana ba.

Misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na Afirka ta Kudu, don ita kaɗai ce a nahiyarmu. Kundin tsarin mulkinta na 1996, a sashe na 9, ya jera dalilan da ba za a nuna wa mutum bambanci a kansu ba, cikinsu har da jinsin da mutum yake sha'awa. Shekara tara bayan haka, ranar 1 ga Disamba 2005, kotun tsarin mulki ta ce dokar auren ƙasar ta saɓa wa wannan sashe, ta ba majalisa shekara ɗaya ta gyara. Majalisa ta yi, da ƙuri'a 230 da 41, dokar ta fara aiki a ƙarshen Nuwamba 2006. Kalmomi kaɗan a kundin tsarin mulki su ne suka buɗe ƙofar, ba matsin lamba daga waje ba. Shi ya sa ƙasashen da ba sa son abin suke rufe shi a wuri ɗaya: Hungary da Rasha sun rubuta a kundinsu cewa aure tsakanin namiji da mace ne, Mali ma ta yi haka a kundinta na 2023. Nijeriya ta bi ta hanyar hukunci. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta yanke shekara 14 ga wanda ya shiga irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka.

To, a nan gida fa? Aure a Nijar ƙofa biyu gare shi. Akwai kundin dokokin farar hula da muka gada daga Faransa, wanda ayarsa ta 144 ke maganar namiji mai shekara 18 da mace mai shekara 15. Gyaran da Faransa ta yi wa nata kundin a 2013 bai shafe mu ba ko kaɗan, tun 1960 kowa da nasa. Ƙofa ta biyu, wadda kusan kowa ke bi, ita ce ta al'ada. Dokar tsarin kotuna ta ce a sha'anin aure, saki, nasaba da gado, alƙali yana aiki da al'adar masu shari'a, kuma yana zama da masu ba shi shawara da suka san al'adar. Ga Bahaushe, Bazabarme, Bafillace ko Buzu Musulmi, al'adar nan fiƙihun Malikiyya ne: waliyyi, sadaki, shaidu biyu, da sigar nema da bayarwa. Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar ɗaurin aure da hantsi ya ga tsarin da idonsa. Wakilin ango ya nema sau uku, waliyyin amarya ya ce na ba shi, a faɗi sadaki lakadan ko ajalan, liman ya yi Fatiha, a raba goro da dabino, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an ɗaura. Babu gurbin ango biyu a cikin wannan siga, kuma babu shi a ayar 144. A kan wannan, Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin 2010, ya fito fili ya haramta luwaɗi da maɗigo.

Tambaya ta uku ita ce mutane suka fi ruɗewa a kanta. Ɗan Nijar da ke zaune a Faransa zai iya yin irin wannan aure a can, domin ayar 202-1 ta kundinsu ta ce ya isa idan dokar ƙasar ɗayansu, ko ta inda ɗayansu ke zaune, ta yarda. Takardarsa tana aiki a Marseille. Ba ta bin sa Yamai. Kafin auren waje ya yi aiki a gida sai an kwafe shi cikin rajistar ƙasa, kuma ƙa'ida ce sananniya a shari'a cewa ƙasa ba ta karɓar abin da ya saɓa wa tushen tsarinta. Namibiya ta gwada ɗaya hanyar: a Mayu 2023 kotun ƙolinta ta ce a amince da auren jinsin da aka ɗaura a waje don ba da izinin zama, nan take majalisa ta tashi ta yi dokar da ta taƙaita aure ga namiji da mace.

Sai batun yarjejeniyoyi. A 2024 an yi ta yaɗa cewa yarjejeniyar Samoa, wadda Tarayyar Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik a Nuwamba 2023, ta wajabta auren jinsi. Wanda ya karanta matanin ba zai sami wannan sharaɗi ba. Kuma sa hannu daban, tabbatarwa daban: Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, majalisar dokoki ta ƙi amincewa da ita a 2006, shi ke nan ba ta hau kanmu ba. Matsin lamba na kuɗi kam akwai shi, Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda a Agusta 2023 bayan dokarta ta hukunta luwaɗi. Amma idan saƙo ya shigo WhatsApp, a tambayi lambar aya, a tambayi ranar da hukumar da ke yin doka ta amince. In babu su, kada a tura.

Kada a tura, musamman in da sunan mutum ko hotonsa. Bikin zagayowar haihuwa ko wasan ƴan daudu, da an sa masa suna auren jinsi a bidiyo, sai taro ya kama jifa kafin wani ya bincika. Addinin da ake cewa ana karewa shi ne ya tsananta a kan ƙazafi da bin diddigin asirin mutane, kuma babu dokar da ta ba maƙwabci ikon hukunci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muna kashe murya a kan ƙofar da ke kulle, ga tamu a buɗe iska na shiga. Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, an gwada a shekarun 1990, an sake gwadawa a 2011, duka suka watse. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida kuma halal ne, amma hukuma ba ta san da shi ba sai an je an bayyana shi a ofishin rajista na gundumar, ɗaya daga cikin biyar na Yamai, da takardun shaidar ma'aurata da na shaidu, a karɓi takardar aure. Idan wa'adin da dokar rajista ta 2019 ta sa ya wuce, sai an bi ta kotu a sami hukuncin da zai maye gurbin bayanin, a nemo shaidun da wataƙila sun tafi ci-rani ko sun rasu. A nan ne ake ganin matar da ta fita takaba tsaye a gaban tagar CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da ƴaƴa huɗu da katin mijinta a leda, ana tambayarta takardar auren da aka ɗaura shekara ashirin da suka wuce, wadda ba wanda ya tuna ya karɓo.