Buntun shinkafar da muke ƙonawa a banza

Jiya ma a tsakar gida muka kwana, babu kuran, wato wutar lantarki, tun la'asar, ƙanƙarar da Inna ta haɗa don sayarwa duk ta koma ruwa a firiji, ga zafin Garwa, a nan arewacin Kamaru, na watan Afrilu wanda ko tabarma ka taɓa sai ka ji kamar daga kan murhu aka ɗauko ta. Kowa dai ya san zancen, ruwan Lagdo ya ja baya. Dam ɗin nan tun 1982 yake aiki, megawat 72 ne ƙarfinsa, kuma shi ya goya Garwa da Marwa da Gaundare gaba ɗaya, to in rani ya yi nisa ina zai iya.

Ina kwance ina fifita sai na tuna tsibin buntu da na gani bara a Yagwa, bayan wani injin casar shinkafa. Wallahi ya fi ɗaki tsawo, an cinna masa wuta ta gefe yana ci a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi na shiga gidajen mutane yara na tari. Abin ya tsaya min a rai don wannan buntun lantarki ne. Ana zuba shi a babban murhu ya tafasa ruwa, tururin ya fito da ƙarfi ya juya farfelar inji, injin ya ja janareta, shi ke nan wuta ta samu. Kamfanonin sukari na Mbanjok da Nkoteng da tuƙar rake suke hura nasu, haka na Banda kusa da Sarh a Chadi, na Birazil kuwa har sayar wa ƙasa suke yi da rarar wutar. Mu ga buntun Yagwa da Maga, ga ɓawon angurya, ga ɓawon gyaɗa, kuma duk damina sabo ke fitowa, iskar da ya saki in an ƙone shi shukar baɗi ce za ta sake shaƙa.

Sola da aka kafa a Marwa da Gidar ta taimaka sosai, ban raina ba, amma rana faɗuwa take yi. Shi buntu a sito ake tara shi, a hura da dare, kuma lokacin da ya fi yawa bayan girbi shi ne lokacin da Lagdo ke ja baya.

Da na kawo wa Kawu maganar da safe sai ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ɗana, su ɗauki buntu, amma kar su taɓa mana kara. Shanu me za su ci da rani, da me za mu yi darni?" Gaskiyarsa. Ni ma tsorona ke nan, a gina ƙatuwar tasha ta rasa abin ci a koma kan itace. Tashar Drax ta Ingila daga Amurka ake kawo mata dunƙulen katako a jirgin ruwa, mu da hamada ke bi wa baya, har Chadi ta taɓa hana gawayi a Njamena saboda sare daji, ba mu da bishiyar da za mu ba inji.

Ƙaramar tasha nake so, a jikin injin casa, don buntu ba nauyi sai cika mota, in ka ce za ka kai shi Garwa kuɗin gazuwal, wato man dizal, ya cinye ribar. Ta ba injin wuta, ta ba asibitin garin da unguwannin kusa, tokar kuma a kwashe a mayar gona.