Ranar da 1550 da 1064 sunka kunyata ni gaban aji

Wallahi har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Muna aji huɗu a sashen fizis, wato kimiyyar lissafi, nan Kebbi, malam ya rubuta tambaya a allo, wai in ka haɗa leza (na'urar da ke fitar da siririn haske mai launi ɗaya) mai tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin igiyar haske da mai bi mata, nanomita 1064 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) da wata mai 1550 cikin kiristal ɗaya, ka ɗauki bambancinsu, wane haske za ya fito? Ni da ke ganin kaina gwanin lissafi ko biro ban ɗauka ba na ɗaga hannu na ce 486 ne malam. Ya dube ni ya ce to malam injiniya, kai ka samo mana shuɗi, don 486 shuɗin haske ne, mu kuwa infirared muke nema, wanda ido ba ya gani. Aji ya ɗauki dariya.

Ashe ba tsawon zangon ake debewa ba, firikwensi ake debewa, wato yawan kaɗawar hasken a daƙiƙa ɗaya, don shi ke tafiya da ƙarfin ƙwayar hasken. Tunda firikwensi yana tafiya ne da ɗaya bisa tsawon zango, sai ka yi ɗaya bisa 1064, ka cire ɗaya bisa 1550, ka sake juya amsar, ta ba ka kusan nanomita 3400. Fomular tana cikin littafina tun sati biyu da sunka wuce fa, na haddace ta tsaf, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ake debewa daga me ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amfanin wanga haske. Iskar metan tana shanye haske wajen nanomita 3300, kusa da wanga namu, don haka ana iya gano ta da shi, kuma gonar shinkafa da ruwa ya kwanta a kanta tana fitar da metan, irin fadamun Argungu da Suru ke nan da mu munka tashi muna gani. Na ce oh, ashe abin na kusa da gida ne.

Kiristal ɗin da aka fi amfani da shi sunansa litiyom nayobet, kuma ba wai ka haska masa leza biyu kawai shi ke nan ba. Kowane haske da gudunsa a ciki, in sun saɓa sai abin da aka tara ya koma baya. Malam ya ce mu ɗauka mata ne ke lugude a turmi ɗaya, in ɗaya ta yi saurin hannu taɓare za su yi karo, daka ta tsaya. Shi ya sa ake juya fuskar kiristal ɗin saƙo-saƙo, ana kuma riƙe zafinsa cikin ɗan murhu don kada ya gota.

Ya ba mu labarin Peter Franken da abokansa a jami'ar Michigan ta Amurka, 1961, shekara ɗaya bayan an ƙera leza ta farko. Sun haska jan haske mai nanomita 694 cikin kiristal na kwatz sunka samu mai 347, wato rabin tsawon zangon, amma ɗigon ya yi ƙanƙanta a hoto har masu buga mujallar sunka ɗauka datti ne sunka goge shi.

Mu dai ba mu da na'urar, 'yar leza koriya ta nuni a allo ya ciro daga aljihu ya ce cikinta 1064 ne kiristal ya ninka firikwensinsa, tsawon zangon ya koma rabi, 532, kuma masu arha sukan bar infirared ɗin ya zubo waje. Da na koma gida ranar na karɓe ta ƙanena da yake haska wa kaji da dare, har yanzu bai yafe mini ba.