Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Alewar Shinkafa a Ɗakin Hostal

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a kan dokokin hostal a jami'o'in Amurka, inda yawancinsu ba sa yarda ɗalibi ya ajiye rishon lantarki ko ya kunna kyandir a ɗakinsa, don gudun gobara. Abin da aka fi bari shi ne ƙaramin firji da maikirowef. Da maikirowef ɗin nan ɗalibai ke haɗa alewar da ake kira Rice Krispies Treats, wadda na yi alkawarin yin bayaninta yau.

Tsohuwar aba ce a can. Wasu mata biyu ma'aikatan kamfanin Kellogg, Mildred Day da Malitta Jensen, ake dangantawa da ƙirƙirarta a 1939. Wanda ya san kantun riɗi ya riga ya fahimci dabarar: a narka abu mai zaƙi da danƙo, a zuba ƙwayoyi a ciki, a daddale, a bari ya sha iska. A nan ƙwayoyin su ne Rice Krispies, wato shinkafar da aka gasa ta kumbura tana ƙaras-ƙaras, danƙon kuma mashmalo ne, farar alewar nan mai laushi da ke cike da iska.

Kafin a kai hannu aljihu, sai Musulmi ya juya bayan leda ya karanta. Yawancin mashmalon da ke manyan kantunan Amurka da jelatin ake yin sa, wato sinadarin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma galibi na alade ne, ba tare da an rubuta daga wace dabba ya fito ba. Alewar Rice Krispies Treats ta kanti wadda aka riga aka haɗa aka naɗe a takarda ma akwai jelatin a cikinta. Mafita tana nan: shagunan halal na Larabawa da 'yan Pakistan kan sayar da mashmalo mai jelatin na saniya ko na kifi. Akwai mashmalo mai suna Dandies, wanda babu komai na dabba a cikinsa. Akwai kuma Marshmallow Fluff na cikin kwalba, wanda da farin ƙwai ake yin sa. Ni a ganina na shagon halal ya fi, domin shi ke narkewa sumul. Dandies na da taurin kai, yakan yi laushi ne kawai, sai an murje shi da cokali. Haka nan ruwan banila da wasu ke ɗigawa don ƙamshi, na asali akwai giya a cikinsa, kuma babu abin da zai ragu idan an bar shi.

Ma'aunin shi ne bota cokali 3 na cin abinci, wajen giram 43 ke nan, kuma ba sai an nemi cokali ba, domin takardar da ake naɗe sandar bota a can tana da layin kowane cokali. Mashmalo leda ɗaya mai giram 283, wajen manya 40. Rice Krispies kofi 6, da kofin awo mai cin mililita 240. Sai ɗan gishiri a bakin yatsa idan botar ba ta da shi, don ya karya zaƙin. Kada a yi amfani da majarin mai laushi na cikin roba: ruwan da ke cikinsa ya yi yawa, zai jiƙa shinkafar ta yi laƙwas.

A samu kwano mafi girma, na tangaran ko na gilashi. Ƙarfe dai ba ya shiga maikirowef, roba mara kauri kuwa zafin sukari na iya lanƙwasa ta. Girman kwanon na da dalili: da zarar mashmalo ya ji zafi, iskar da ke cikinsa takan buɗe, ya taso ya ninka kansa, ya malalo gefe. A shafe faranti mai zurfi da bota tun kafin a fara, a auna shinkafar a ajiye kusa, domin in aiki ya kankama babu sararin neman komai.

A fara narka botar, daƙiƙa 30 sun isa. A zuba mashmalo a jujjuya har kowanne ya sami maiƙo, a mayar na minti 1, a fitar a juya. Daga nan sai a riƙa ƙara daƙiƙa 20 zuwa 30, ana fitarwa ana juyawa. Ƙananan maikirowef na hostal, masu ƙarfin wat 700, sukan ɗan fi jinkiri, don haka ido ya fi agogo amfani. A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin. Mashmalo kan riƙe siffarsa ko da cikinsa ya narke, sai mutum ya ga kamar bai yi ba, ya ƙara masa wuta. Kowane ƙarin wuta yana ƙone ruwan da ke cikin sukarin, kuma abin da zai fito bayan ya huce sai ya nemi karya haƙori. A tsayar da wuta tun ana ganin 'yan gudaji a ciki, zafin kwanon zai ƙarasa su yayin juyawa. In aka manta shi har ya yi hayaƙi, ƙararrawar gobara za ta fitar da mutanen ginin gaba ɗaya, ko da tsakar dare ne. Kuma kada a ɗanɗana da yatsa a wannan lokacin, sukari mai zafi manne wa fata yake yi.

A zuba shinkafar kashi biyu, ana ɗagowa daga ƙasa da cokalin da aka shafa wa bota, da hanzari amma ba da ƙarfi ba. A juye a faranti. Wajen daddalewa, a ɗauki takardar botar nan, ko a ɗan jiƙa yatsu da ruwan sanyi, a lallaɓa saman har ya daidaita. Danne shi da ƙarfi na farfasa ƙwayoyin ya kore iskar da ke tsakaninsu, sai alewar ta cure ta yi tauri. Idan kuma ta ƙi haɗuwa tana wargajewa, shinkafa ce ta yi wa danƙon yawa, ko mashmalon ya daɗe a buɗe ya bushe. Mai son ta da laushi sosai ya rage shinkafar zuwa kofi 5.

Bayan rabin awa a yanka da wuƙar da aka shafa wa bota. Ba a sa ta a firji, sanyi na sandarar da ita. A rufe a mazubi mai murfi a cinye cikin kwana biyu. Kwanon kuwa a cika shi da ruwan zafi nan take, cikin 'yan mintuna danƙon zai saki da kansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun sahur a hostal, lokacin da ɗakin cin abincin jami'a yake rufe.